Daga Badagiri Zuwa Elmina: Abin Da Muke Wucewa Muna Gyangyaɗi A Mota

 

Ka tambayi kowane ɗan kasuwarmu yadda hanyar bakin teku take daga Legas zuwa Akra, amsarsa ba za ta wuce lissafi ba. Boda uku ce, Seme da Hilakonji da Aflawo. Shinge kaza ne. Ga inda ake canja naira zuwa sefa, ga inda ake mai da sefa sidi, ga inda direba ke tsayawa a yi salla. Wannan ma ilimi ne, da shi ake cin abinci. Amma akwai wanda ya shekara ashirin yana bin hanyar nan, ya san kowane ɗan canji a Aflawo da sunansa, bai taɓa sauka a Wida ba, alhali motarsa tana ratsa gefen garin sau biyu a wata. Ɗansa kuwa da aka haifa a Nima ko a Zangon Kwatano, ranar da yara suka ce masa baƙo a makaranta, sai ya sunkuyar da kai don ba shi da abin faɗa. To abin faɗar yana nan zube a gefen kwalta. Shi nake so mu bi yau, ko da yake ba a kowace tasha za mu daɗe ba.

Mu fara da Badagiri, kafin a kai Seme. Yawancinmu cunkoso da shingaye kaɗai muka san ta da su. In ka bar babban titi ka gangara bakin ruwa, za a nuna maka wani farin bene da 'yan mishan suka kammala a 1845, a ce maka shi ne benen farko a Najeriya. Bakano in ya ji haka sai ya yi murmushi, domin Baturen nan Clapperton da ya shiga Kano a 1824 ya tarar da gidajen ƙasa masu matakala da ɗakin sama. A bar su da abinsu, benen farko ne irin ginin Turawa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne daga wannan garin shi Clapperton ya tashi a tafiyarsa ta biyu, a Disamban 1825, ya ratsa ƙasar Oyo da Bargu, ya haye Kwara a Busa, ya bi ta Kano har Sakkwato, inda ya mutu a Afrilun 1827 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bai sari daji da adda ba, turbar fatake ya bi. Yaronsa Richard Lander da ya sake sauka Badagiri a 1830 ya rubuta cewa ya ga malamai Hausawa a garin. Ka ga ke nan shekara kusan ɗari biyu da suka wuce muna bakin tekun nan da allo da tawada. In akwai lokaci, kwalekwale zai haye da kai tsibirin Gberefu, inda ake bi da bayi a ƙafa zuwa gaɓar da ake loda su.

Seme ba sai na ce komai ba. Duk wanda kayansa suka ruɓe a can tsakanin Agustan 2019 da Disamban 2020, lokacin da aka rufe boda, ya fi ni sanin ta. Kwatano ma gida ce: kasuwar Dantokpa, da Zango da masallacinsa, da 'yan zemijan masu rawayar riga da ke kutsawa ta ko'ina kamar ƙudan zuma. Mu wuce.

Kilomita arba'in ko kusa da haka yamma da Kwatano ake samun Wida. Nan ne nake roƙon kowa, ko sau ɗaya a rayuwarsa, ya sauka da iyalinsa. Sarkin Dahome Agaja ya ci garin da yaƙi a 1727, daga nan ya zama ƙofar da masarautar ke sayar da mutane ga Turawa. Masana tarihi sun ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya ne aka fitar ta wannan gaɓa ɗaya. A cikin gari akwai sansanin da Turawan Fotugal suka gina a 1721, suka kuma riƙe shi, ɗan fili kamar na gidan wani attajiri, har shekara guda bayan ƙasar ta sami 'yanci. Da aka kore su a 1961 sai suka cinna masa wuta suka tafi. Akwai kuma ɗakin tsafin da ake kiwon mesa, daura da babbar majami'ar gari. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba ya wuce abinsa, ba shi ya kawo mu ba.

Abin da ya kawo mu shi ne hanyar da ta tashi daga dandalin Caca, inda ake cinikin bayi a gaban gidan dillalin nan ɗan Burazil Francisco de Souza, ta miƙe kimanin kilomita huɗu zuwa teku. 'Yan jagora za su nuna maka gurbin wata bishiya, su ce maza sukan zagaya ta sau tara, mata sau bakwai, wai don su manta garinsu da sunan iyayensu. A ƙarshen hanyar akwai babbar ƙofa da aka gina a 1995 don tunawa, ana kiran ta ƙofar da in an fita ba a dawowa. Ka bi hanyar a ƙafa da rana, ba a kan babur ba. Kafin ka kai rabi za ka daina surutu.

Me ya haɗa mu da wannan? Bayan an fara jihadi a 1804, yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa da na ƙasar Yarbawa sun zubo da kamammu masu yawa zuwa Legas da Badagiri da Fotonobo da Wida, aka kwashe su zuwa Bahiya a ƙasar Burazil. Hausawan da ke cikinsu ba su zauna lafiya da iyayen gijinsu ba. A 1807 aka bankaɗo wani shirin tawaye da suka ƙulla, a 1814 kuma suka tashi da gaske. Sai babban tashin da aka yi a daren 24 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, wanda akasarin masu yin sa Yarbawa musulmi ne, da Hausawa a cikinsu. Sun fito da fararen riguna, kuma da aka binciki gawarwakinsu sai aka ga layu da takardu masu rubutun Larabci. Hukuma ta firgita, ta kashe wasu, ta yi wa wasu bulala, ta koro ɗaruruwan 'yantattu zuwa Afirka. Ashe dai ƙofar an dawo ta cikinta. Zuriyarsu ne ake kira Aguda a Legas da Binin da Togo. In kana komowa gabas wata rana, ka ratse a mararrabar Seme ka shiga Fotonobo ka ga babban masallacin da suka gina a farkon ƙarni na 20. Daga nesa za ka rantse majami'a ce, saboda ginin da hannunsu ya saba da shi a Bahiya ke nan.

Akwai mutum ɗaya da ya kamata yaranmu su san sunansa, Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, wanda Turawa ke rubutawa Baquaqua. An haife shi a Jugu, arewacin Binin, kan tsohuwar hanyar fatake ta zuwa Gwanja, mahaifiyarsa kuwa 'yar asalin Katsina ce. An sace shi, aka gangaro da shi ta Wida, aka kai shi Burazil wajen 1845. A 1847 jirgin ubangidansa ya tsaya a Niyok, ya tsere. A 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Amurka, kuma har yau yana cikin 'yan labaran da aka samu daga bakin wanda ya yi bauta a Burazil da kansa. Jikan Katsinawa ne fa.

Sai dai kada mu tsaya a gaban ƙofar nan muna tsine wa Turawa kawai mu juya. Bature bai shiga Zazzau ko Borno ya kamo kowa ba a wancan zamani. Kai masa aka yi. Ayarin da ke ɗauke da kanwa da baƙin yadi da jan fata zuwa Salaga, sau da yawa akwai mutane ɗaure a cikinsa, kuma madugun yarenmu yake yi. Muna cikin waɗanda aka sayar, muna cikin waɗanda suka sayar. In yaro ya tambaye ka a wurin, ka gaya masa duka biyun.

Togo ba ta da faɗi, bakin tekunta bai fi kilomita hamsin da 'yan kai ba, in ban da boda da awa ɗaya ta ishe ka. Da ka haye Hilakonji za ka shiga Aneho, wadda ita ce hedkwatar Jamusawa kafin su koma Lome a 1897. Gaba kaɗan a Agbodarafo akwai wani tsohon gida da aka gina wajen 1835, bayan an haramta cinikin bayi, don a ci gaba da shi a ɓoye. Masu gida suna zaune a falo bisa katako, bayi suna ƙarƙashinsu a wani rami da babba ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. Amma abin da na fi so ka lura da shi a wannan tsakanin shi ne tekun kansa. Titin da kake kai ba shi ne na farko ba, ruwa ya riga ya cinye biyu kafinsa. Dalili kuwa shi ne igiyar ruwa a nan kullum daga yamma take tura yashi zuwa gabas. Da aka gina madatsar Akosombo a 1965, yashin da kogin Bolta ke kawowa ya ragu. Da aka gina tashar jiragen ruwa ta Lome, katangarta ta tare ɗan abin da ya saura. Garuruwan da ke gabas da ita ba su samun sabon yashi, teku kuwa bai fasa ɗiba ba. Duk mai shirin sayen fili kusa da ruwa a wannan yanki don ya ji araha, ya fara tambayar tsofaffi ina gaɓar take sa'ad da suke yara.

A Lome kowa ya san babbar kasuwa da labarin matan nan masu atamfa da ake kira Nana Benz. Abin da samarinmu na Agwe-Zango ba su cika sani ba shi ne zangon asali a tsakiyar birni yake, dab da kasuwa. A 1977 aka rushe shi, aka kwashe mutanensa zuwa can arewacin gari, tafiyar kimanin kilomita 15. Har yanzu akwai dattawan da suka ga ranar da idonsu. A je a zauna da su tun suna raye, a sa waya a ɗauki muryarsu.

Bayan Aflawo, in ka ratse a Denu ka bi gaɓa za ka isa Keta, inda sansanin da mutanen Danmak suka gina a 1784 yake tsaye da rabin jiki, sauran yana cikin ruwa tare da tsofaffin titunan garin. In ba ka da lokaci ka miƙe zuwa Sogakofe. Gadar da ke kan Bolta a nan tsawonta mita 650, an buɗe ta a 1967, kuma ba a wuce ta ba tare da an sayi burodi da abolo da soyayyun ƙananan kifin nan da suke kira wan-man-tawsan ba. Hajiya, in maigida ya dawo ta nan hannu rabbana, ki tambaye shi dalili. Ta wannan kogin ne gishirin Ada ke hawa cikin kwalekwale zuwa Karaci, garin da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna har ya rasu a 1934.

Yadda muka cika Akra, ko Ankara kamar yadda iyayenmu ke faɗa, ta ƙofa uku ne. Ta farko ita ce ta mutanen Burazil ɗin nan. Wani ayarinsu ya sauka a 1836, sarakunan Ga suka ba su masauki, aka sa musu suna Tabom. Da yawansu musulmi ne, sun zo da sana'ar ɗinki da haƙar rijiya, kuma gidansu na tarihi yana nan a tsohon gari kusa da teku. Ɗan damben nan Azumah Nelson daga zuriyarsu ya fito. Ƙofa ta biyu ta soja ce. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara wasu Hausawa a Legas, yawancinsu bayi ne da suka gudu, ya ba su bindiga. Daga wannan 'yar runduna sojojin Najeriya ke lissafin asalinsu. Su aka kwaso zuwa yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, kuma da yawa da suka ajiye kaki ba su koma ba, suka yi aure suka kafa unguwa. Ƙofa ta uku ita ce tamu, ta goro. Da aka karya Ashanti a 1874 sai Salaga ta fita daga hannunsu, hanyar kudu ta buɗe wa 'yan arewa. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa Karaci da Kumasi da bakin teku. Nan suka gane cewa maimakon wata uku a bayan jaki, ana iya loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, wanda mahaifiyarsa ta zauna a Akra, yana cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya, kafin jirgin ƙasa ya isa Kano ya koma cinikin gyaɗa. Shi ne kakan mahaifiyar Aliko Ɗangote. Wajen 1912 kuma Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango, wanda har gobe zuriyarsa ke sarautarsa.

Wani zai ce, to sai me? Tarihi ai ba ya sayen buhun shinkafa. Gaskiya ne. Amma mu tuna ranar 18 ga Nuwamban 1969, da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Cikin waɗanda suka hau manyan motoci akwai waɗanda a Gana aka yanke musu cibi, su da iyayensu, amma ba su da takarda ɗaya da za ta shaida. A Janairun 1983 Najeriya ta rama wa kura aniyarta, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka yi cincirindo a bodojin hanyar nan da jakunkunan da har yau muke kira Gana-mas-go. Duk sanda aka tashi rajistar katin ɗan ƙasa ko na zaɓe, tambayar nan ta "daga ina kakanka ya zo" takan dawo wa ɗan zango. Wanda ya san shekarar da kakansa ya sauka, ya adana takardar haihuwar 'ya'yansa da ta filin gidansa, ba kamar wanda zai tsaya yana kame-kame ba ne.

Da ka fita Akra ta yamma, garin farko mai cunkoso sunansa Kasoa. Ka maimaita shi a hankali. Kasuwa ce, mu muka raɗa, har sunan ya danne na asali. Haka abincin da ake miƙo maka ta tagar mota: wace daga wake ta samo suna, kose ƙosai ne, tuwon zafi kuwa ko canja masa riga ba a yi ba, ga kuma kokon safe da kowace ƙabila ke kira Hausa koko. A mararrabar Yamoransa kuma sai ka sayi nasu, dokunun Fante da aka naɗe da ganyen ayaba, wanda yake kwana da kwanaki bai lalace ba.

Kef Kos tana da nisan kusan kilomita 150 daga Akra, Elmina kuma tana gaba da ita kaɗan. A sansanin Kef Kos za a shiga da kai kurkukun maza na ƙarƙashin ƙasa, a kashe fitila na ɗan lokaci, sannan a gaya maka cewa daidai saman kanka ne Turawan suke da ɗakin ibadarsu. Yaro ƙarami yana iya tsorata, a riƙe hannunsa. Na Elmina ya fi tsufa, Fotugal ta gina shi a 1482 don cinikin zinariya, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A nan aka tsare Sarkin Ashanti Prempeh a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar. Ƙofar da ake fitar da bayi zuwa kwalekwale ƙunci gare ta, mutum ɗaya ne ke wucewa, shi ma a karkace. Da yawan waɗanda suka bi ta cikinta daga arewa aka gangaro da su, Ashantawa suna kiran su donko, kuma a Asin Manso, kan hanyar Kumasi, akwai rafin da aka ce nan suke wankan ƙarshe kafin a kai su gaban mai saye.

Masu sayar da atamfa kuma ga naku. Tsakanin 1831 da 1872 mutanen Holan sun ɗebi kimanin mutum 3,000 daga Elmina, akasarinsu bayin arewa da aka fanso a Kumasi, suka kai su aikin soja a tsibirin Jaba na Indunusiya. Waɗanda suka dawo sun zauna a wani tudu da har yau ake kira da sunan Jaba. Ana yawan cewa su suka fara kawo zanen batik da ya haifi atamfar Holan da muke sayarwa, ko da yake akwai masanan da ke ganin 'yan kasuwar Turai ne suka yi wannan aikin daga baya. Ko ma dai wane ne, tudun yana nan, ana hango sansanin da kwalekwalen masunta daga kansa.

Mai niyyar zuwa ya riƙe katin shaidarsa, domin kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban ne da na baƙo, yara 'yan makaranta kuma nasu ya fi sauƙi. A je da safe kafin rana ta take. Wanda yake so ya haɗa da sarin kifi kada ya zaɓi Talata, ranar masuntan Fante ba sa shiga teku.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko daga Takoradi mu bi ta Elubo mu haye Nowe, har Garan-Basam da Abijan. Wanda yake da labarin yadda aka kafa zangonsu a wannan tsakanin, ya aiko mana ta hannun edita.